Ba tabon rana ke hana mu ruwa ba



Wata ranar kasuwa, cikin watan Mayu na 2024, ina zaune a rumfar masu sayar da iri. Sai ga wani saurayi da wayar salula a hannunsa. Ya nuna wa jama'a hoton rana, ja wur, da baƙaƙen tabo a fuskarta. Ya ce wai masana sun faɗi rana ta yi fushi, bana babu damana. Wani dattijo da ya zo sayen irin wake ya mayar da kuɗinsa aljihu. Ya ce: «In haka ne, me zan zuba wa ƙasa?» Ya tashi ya tafi.

Kun san yadda damanar 2024 ta kasance. Ruwa ya zubo har ya wuce kima. Gidajen laka sun rushe a Maraɗi da Tawa da Yamai. Tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya faɗi a farkon watan Satumba. Fiye da mutum 300 sun rasu a ƙasarmu, fiye da miliyan 1 sun yi asarar gida ko gona ko dabba. Har buɗe makarantu sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba.

Hoton saurayin nan na gaskiya ne. Rana tana da tabo, kuma a shekarar ya yi yawa. Fassarar da aka yi wa hoton ita ce ƙarya. Ra'ayina shi ne: manomin da ke son sanin halin damana, kada ya ɓata lokaci wajen labarin tabon rana. Ya nemi labarin teku. Zan kawo dalilaina ɗaya bayan ɗaya, ku auna da kanku.

Mene ne tabon rana?

Rana dunƙulen iska ce mai tsananin zafi. Tsakaninmu da ita akwai kilomita miliyan 150. Haskenta yana yin minti 8 da ɗoriya kafin ya iso gare mu. Zafin fuskarta ya kai digiri 5.500. A wasu wurare, ƙarfin maganaɗisu irin na mayen ƙarfe yana tare zafin da ke tasowa daga cikinta. Sai wurin ya rage zafi, ya yi duhu idan an kwatanta shi da kewayensa. Wannan shi ne tabo. Wani tabon ya fi duniyarmu girma.

Gargaɗi tun da wuri: kada kowa ya ɗaga kai ya zura wa rana ido don neman tabo. Yin haka yana ƙona ido, kuma lahanin yana iya zama na har abada. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya karewa. A gaya wa yara.

Galileyo, mutumin Italiya, ya ga tabon da madubin hangen nesa sama da shekara 400 da suka wuce. Daga baya wani mai sayar da magani a Jamus, ana ce da shi Shuwabe, ya ɗauki shekara 17 yana duba rana kowace ranar da gari ya yi garau, yana rubutawa. A 1843 ya sanar da abin da ya gano: tabon yana yawa, ya ragu, ya sake yawa. Yau mun san zagayen yana ɗaukar kamar shekara 11.

Idan tabo ya yi yawa, rana tana ƙara haske kaɗan, domin kewayen tabon yana ƙara walƙiya. To, nawa ne wannan kaɗan ɗin? Tun 1978 taurarin ɗan Adam suke auna hasken rana daga sama, inda babu ƙura babu gajimare. Sun nuna bambancin shekarar tabo mai yawa da shekarar da babu tabo kashi 1 ne cikin 1.000. Ku ɗauka kuna da tiya 1.000 ta hatsi a rumbu, aka ƙara muku tiya guda. Ƙari ne, ba a musu. Amma ba shi zai raba gida da yunwa ba. Abin da wannan ƙari ke yi wa zafin duniya bai wuce kashi 1 cikin 10 na digiri guda ba. Alhali a Tawa, lokacin rani, tsakanin asuba da azahar zafi yana canzawa da digiri 15 ko fiye.

Akwai kuma guguwar rana, wato lokacin da ta watso ƙwayoyin wuta zuwa sararin sama. Wannan ma gaskiya ne. A watan Maris na 1989 irin wannan guguwa ta kashe wutar lantarki a jahar Kebek ta Kanada har awa 9. A watan Mayu na 2024 wata babba ta zo, sama ta yi ja da kore da dare a ƙasashe da yawa. Ita ce saurayin nan ya ji labarinta. Guguwar rana tana dagula rediyo da taurarin ɗan Adam da manyan wayoyin lantarki. Aikinta yana can sama, fiye da kilomita 100 daga ƙasa. Hadarin da ke kawo mana ruwa kuwa bai cika wuce kilomita 17 ba. Ba hanyarsu ɗaya ba.

Mu ƙirga shekaru

Wanda ya iya karatu da lissafi ba ya buƙatar a yi masa rantsuwa. Ya jera shekaru ya duba.

A 1913, shekarar farin da ya haifi yunwar Kakalaba, tabon rana ya yi ƙaranci ƙwarai. Sai mutum ya ce: ashe ƙarancin tabo ke kawo fari. To, a 1954 ma tabon ya yi ƙaranci, amma shekarun 1950 su ne na ruwa da albarka, waɗanda tsofaffinmu ke tunawa, lokacin da gujiya ke cika kasuwannin Maraɗi da Magarya. A 1957 da 1958 tabon ya yi yawan da ba a taɓa ƙirga irinsa ba, ruwa kuma bai fasa zuwa ba.

Daga wajen 1968 fari ya kama yankin Sahel, ya daɗe sama da shekara 20. A cikin waɗannan shekaru tabo ya hau, ya sauka, ya sake hawa, ya sake sauka. Farin bai kula ba. Ya kashe dabbobi a 1973, ya dawo da ƙarfi a 1984, shekarar da mutanenmu ke kira El-Buhari.

Ga na kusa, wanda kowa ya gani da idonsa. A 2020 rana tana kusan wayam, babu tabo, domin sabon zagaye ya fara ne a Disamba 2019. A wannan damana kogi ya cika a Yamai har kusan mita 7, ya fasa madatsai, ya ci unguwanni da gonakin shinkafa. A 2024 tabo ya kai ƙololuwa, ambaliya ta sake zuwa. Shekara babu tabo, ambaliya. Shekara cike da tabo, ambaliya. Ta yaya manomi zai dogara da ma'aunin da ke ba da amsa ɗaya ko ya cika ko ya zama wofi?

Ba mu ne farkon waɗanda wannan zance ya ruɗa ba. A 1876 da 1877 damana ta ƙi zuwa a ƙasar Indiya, miliyoyin mutane suka mutu da yunwa. Turawan Ingila da ke mulkin ƙasar suka shiga neman dalili. Manyan masana daga cikinsu suka ce tabon rana ne. An yi shekaru ana lissafi, lissafin bai tsaya ba. A 1904 aka naɗa wani gwanin lissafi, Gilbat Woka, shugaban ma'aikatar yanayi ta Indiya. Ya tara rubutun ruwa da iska da zafi daga tashoshi na duniya, har da na tabon rana, ya yi ta gwada su. Abin da ya samu mai ƙarfi yana cikin iskar da ke bisa teku: idan nauyin iska ya ƙaru a gabashin tekun Pasifik, sai ya ragu wajen Indiya da Ostireliya, kamar sikeli mai faranti biyu. A 1969 wani masani ɗan asalin Norwe, Yakob Biyarknes, ya nuna cewa sikelin nan yana tafiya ne tare da ɗumin ruwan teku. An fita neman amsa a rana, aka same ta a ruwa.

Yadda teku ke shirya damana

Kada a fahimce ni a karkace. Rana ita ce tushen duka. Ba don zafinta ba, babu iska, babu hadari, babu tsiro. Waɗanda suka ga husufin rana na 29 ga Maris 2006, da ya ratsa ƙasarmu, sun tuna yadda gari ya yi sanyi cikin ƴan mintoci, kaji suka nufi akurki. Abin da nake faɗi shi ne, wutar rana kusan ɗaya take kowace shekara. Abin da ke bambanta damana da damana shi ne inda zafin ya taru, da inda ya tafi.

Ku tuna da rairayi da ruwan tabki. Da azahar rairayi yana ƙona ƙafa, ruwan tabki kuwa da sanyinsa. Da dare rairayi ya huce sarai, ruwa yana nan da ɗumi. Ƙasa tana saurin ɗaukar zafi, tana saurin saki. Ruwa yana ɗauka a hankali, yana riƙewa. To, teku ya rufe kashi 71 cikin 100 na fuskar duniya. Mita 3 na saman ruwan teku kawai suna iya riƙe zafi daidai da dukan iskar da ke kewaye da duniya. Teku shi ne rumbun zafin rana. Abin da ya ajiye a watan Maris yana nan a watan Agusta.

Ga yadda damanarmu ke zuwa. Da bazara rana tana tsaye bisa kanmu. Hamada ta yi zafi ƙwarai, iskarta ta yi sauƙi ta tashi sama. Can kudu, a tekun da ke gaban Kwatano da Legas da Abijan, ruwa yana yin sanyi daga watan Mayu zuwa Yuli, domin iska tana ture ruwan sama-sama, na ƙasa mai sanyi ya taso. Iska kullum daga wuri mai sanyi take gudu zuwa wuri mai zafi. Sai ta taso daga teku ɗauke da laima, ta nufo arewa, ta ture iskar hunturu baya. Ita ce iskar da kuke ji ta juyo daga kudu maso yamma, gumi ya fara kama jiki, shamuwa ta sauka bisa itatuwan gari. Shamuwa ba ta kawo ruwa. Gaban wannan iska take bi, shi ya sa zuwanta alama ce ta gaskiya. Wajen ƙarshen watan Yuni babban ruwan yana barin bakin teku ya yi tsalle zuwa arewa. Gaya ta fara samu, ta fi kowa, kamar milimita 800 a shekara. Maraɗi ta samu kamar 500, Damagaram kamar 400, Agadas abin da ya rage.

Yanzu ku duba. Idan tekun kudu bai yi sanyi yadda ya saba ba, bambancinsa da hamada ya ragu. Iska ta rasa ƙarfin tafiya mai nisa. Ruwa ya tsaya yana zuba a bakin teku, mu muna kallon sama. Haka ta faru a 1984: tekun nan ya yi ɗumi fiye da kima, Sahel ta bushe.

Akwai kuma tekun Pasifik, can bayan duniya. Masunta na ƙasar Peru sun daɗe da sanin cewa wasu shekaru ruwan gaɓarsu yana ɗumi wajen ƙarshen shekara, kifi ya gudu. Suka sa masa suna El Ninyo. Idan ya zo da ƙarfi, yana canza tafiyar iska a duk ƙasashe masu zafi, kuma sau da yawa yana rage mana ruwa. Ya zo a 1972, a 1982 da 1983, a 1987, a 1997. Ku tambayi tsofaffi yadda gonaki suka kasance a waɗannan shekaru. Ƙanwarsa, La Ninya, ruwa mai sanyi ke nan, takan zo mana da damana mai kyau, kamar a 1988 da 2020.

Sai babban al'amari, wanda ya shafi dogon fari. A 1986 masana yanayi na Ingila suka nuna cewa ruwan Sahel yana bin bambancin ɗumi tsakanin tekunan arewacin duniya da na kudanci. Idan arewa ta fi ɗumi, ruwa ya matso gare mu. Idan kudu ta fi, ya ja baya. Daga shekarun 1960 zuwa 1980 arewacin tekun Atlantika ya yi sanyi, tekun Indiya kuma ya ƙara ɗumi. Ɗaya daga cikin dalilan sanyin nan shi ne hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, mai ɗauke da farar wuta, wanda ya riƙa tare hasken rana bisa teku.

Wannan magana tana ci mini rai, ga dalili. A 1975 wani babban masani na Amurka, Jul Carni, ya kawo ra'ayin cewa yawan kiwo da sare itatuwa ke tsiraita ƙasa, ƙasa tsirara kuma ta hana hadari haɗuwa. Shekaru da yawa ana maimaita wannan a taruka da littattafai, ana nuna makiyayi da manomi da yatsa, wai su suka jawo wa kansu fari. A 2003 wata masaniya ƴar Italiya, Alesandra Jiyanini, da abokan aikinta, suka gwada abin da kwamfuta. Suka ba ta zafin tekunan duniya na shekara da shekaru kawai, ba su gaya mata kome ba game da awaki ko gatari. Kwamfutar ta fito da shekarun ruwa na 1950 da farin 1970 da 1980 kusan yadda suka faru. Ashe babban dalilin yana teku. Bafulatanin da ya rasa garkensa a 1973 an ɗora masa laifin da ya fi ƙarfinsa.

Wannan bai wanke mai sare itace ba. Itace yana riƙe ƙasa, yana karya iska, yana sa ruwan da ya sauka ya shiga ƙasa maimakon ya gudu. Teku ke yanke yawan ruwan da zai zo yankinmu. Gona ke yanke yawan wanda zai zauna. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka rungumi sassaben zamani tun shekarun 1980, suka bar gawo da kalgo da sabara suna tsira a gonakinsu, sun mayar da itatuwa bisa kadada kusan miliyan 5. Ba su jira teku ba.

Inda rana ta taɓa canza kome

Don adalci, akwai lokacin da hasken rana ya juya ƙasar nan gaba ɗaya. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse. A cikin Tenere an tono ƙasusuwan kada da dorina da manyan kifaye. Tsakanin shekara 11.000 da 5.000 da suka wuce, hamada ciyawa ce da tabkuna, tabkin Cadi kuma kamar teku. Dalili shi ne, karkatar duniya da hanyar da take bi wajen kewaya rana suna canzawa sannu a hankali. A wancan zamani arewacin duniya yana samun ƙarin haske kamar kashi 7 cikin 100 lokacin damana. Ku gwada: 7 cikin 100, da 1 cikin 1.000. Na farko ya ninka na biyu sau 70. Kuma wannan canji yana ɗaukar dubban shekaru. Ba abin da zai bambanta bana da bara ba ne.

Ana kuma ba da labarin shekarun 1645 zuwa 1715, lokacin da tabo ya kusan ɓacewa, Turai kuma tana fama da sanyi. Gaskiya ne. Amma sanyin ya riga ɓacewar tabon farawa, kuma duwatsu masu aman wuta suna da hannu babba a ciki. Dutse ɗaya, Pinatubo na ƙasar Filifin, da ya fashe a 1991, ya sanyaya duniya da kusan rabin digiri har shekara 2. Zagayen tabon rana yana taɓa iskar can sama, yana ɗan motsa iskar hunturun Turai da ruwan Pasifik. Motsin ƙarami ne, sauran dalilai suna danne shi.

Zafin da ke ƙaruwa

Wasu suna cewa: zafin da muke ji yanzu, ai rana ce ta ƙara wuta. Ma'auni ya ƙaryata wannan. Tun shekarun 1980 hasken rana bai ƙaru ba, har ya ɗan ragu. Zafin duniya kuwa hawa yake yi. Shekarar 2024 ta zarce duk waɗanda suka gabace ta tun da aka fara aunawa, da kamar digiri 1 da rabi bisa zafin zamanin kakannin kakanninmu. Dalili shi ne hayaƙin gawayin ƙasa da man fetur da gas. Yana taruwa a sama kamar bargo, yana hana zafi fita. Kashi 90 cikin 100 na wannan rarar zafi teku ke shanyewa.

Muna ganin sakamakon ta hanya biyu. Ta farko, zafin bazara. A farkon Afrilu 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48 da rabi a garin Kayes na Mali. Asibitocin Bamako sun cika, tsofaffi da yawa sun rasu. Masana da suka bincika sun ce ba don hayaƙin nan ba, da zafin bai kai haka ba. Ta biyu, ruwa mai ɓarna. Iska mai ɗumi tana ɗaukar laima da yawa, kashi 7 cikin 100 a kan kowane digiri. Wani bincike na 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau 3 tun 1982. Shi ya sa ruwan wata guda ke zuba a dare ɗaya, sannan a yi kwana 15 babu ɗigo.

Wanda ya ce laifin rana ne, ya sani ko bai sani ba, yana wanke masu hayaƙi. Ƙasarmu tana cikin waɗanda hayaƙinsu ya fi ƙanƙanta a duniya, tana kuma cikin waɗanda suka fi shan wahalarsa. Bai kamata mu da bakinmu mu yafe bashin da ake bin wasu ba.

Abin da za a saurara

Tun da teku yana riƙe zafi wata da watanni, wanda ya auna shi a watan Afrilu yana iya hango halin damana. A nan Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, da cibiyar ACMAD. Tun 1998 masana yanayi na Afirka ta Yamma suke taruwa kowace shekara kafin damana, su duba zafin tekuna, su fitar da hasashe. A ƙarshen Afrilu 2024 sun taru a Abuja. Sun ce damanar Sahel za ta yi ruwa fiye da yadda aka saba, a yi hattara da ambaliya. Labarin gaskiya ya riga ya fito makonni kafin dattijon nan ya mayar da kuɗinsa aljihu. Na ƙarya ne ya riga isa kasuwa.

Nan ne kukana yake. Hasashen da ya tsaya a takarda da Faransanci bai amfani mai hauya ba. Ya kamata ya fito da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci. A karanta shi a gidajen rediyon karkara safe da yamma, a karanta a ajin yaƙi da jahilci, a faɗe shi a fadar mai gari, tun kafin a sayi iri. Mai wayar salula ba ya jiran kowa. Mai gaskiya ma kada ya jira.

Hasashe ba alkawari ba ne. Ruwa na Allah ne, kowa ya sani, masana kuma alama suke karantawa, kamar yadda kuke karanta zuwan shamuwa da tohon itatuwa. Suna magana ne a kan yanki mai faɗi. Ba za su ce gonar wane za ta samu, ta wane ba za ta samu ba. Kun sha ganin ruwa ya sauka a gari, ƙauyen da ke kilomita 5 ko yayyafi. Wasu shekaru kuma hasashen yana kuskure. Amma wanda ya bi shi shekara 10 ya fi wanda ya bi jita-jita shekara 10 cika rumbu.

Idan aka ce ruwa zai yi yawa, kada a zuba dukan iri a kwari da fadama. A raba, a kai wani tudu. A yi wa ɗaki yaɓe, a gyara indararo, a yashe magudanar ruwa, a ɗaga ƙafar rumbu. Wanda gidansa ke kan hanyar ruwa ya san inda zai kwashe iyali tun kafin dare. Shekarar ruwa shekarar sauro ce: kowa ya kwana cikin gidan sauro, a ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin da ake rabawa kowane wata lokacin damana, a cika kwana 3 na shan sa. Bayan ambaliya rijiyoyi suna gurɓata. A tafasa ruwan sha ko a sa masa magani, domin amai da gudawa.

Idan aka ce damana za ta makara ko ta yi gajarta, a nemi iri mai saurin nuna, irin hatsin HKP da ke kai wa cikin kamar wata 3, da wake mai gaggawa. Zango da maiwa suna da daɗi, amma suna son dogon ruwa. Kada a kashe dukan iri a binne ko a ruwan farko. Malaman gona suna cewa a jira ruwan da ya kai milimita 20. A haƙa tassa da rabin wata tun da rani, a zuba taki, yadda mutanen Illela da Badagishiri suke yi. Makiyayi ya rage ƴan dabbobi tun suna da ƙiba da daraja. Mai gida ya riƙe cimakarsa, kada ya sayar da kaka ya saya da bazara ninki biyu.

Da zafin bazara kuwa, a kula da tsofaffi da jarirai da masu ciki. A ba su ruwa ko ba su nema ba. A bar aikin ƙarfi tsakanin hantsi da la'asar. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya suma, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi likita.

Shawarata ta ƙarshe ga azuzuwan yaƙi da jahilci ce. Kowane aji ya nemi ma'aunin ruwan sama wajen malamin gona. A kafa shi a fili, nesa da itace da bango, a kewaye shi saboda awaki da yara. A ware littafi guda. Kowace safiya bayan ruwa, ɗalibi ɗaya ya duba, ya rubuta kwanan wata da yawan milimita, ya zubar da ruwan. A shafi na gaba a rubuta abin da hasashe ya faɗa a watan Afrilu, da ranar da aka yi shuka, da irin da aka shuka. Da kaka a ƙara yawan damman da gona ta bayar.